Wandon Bara Ya Ɗage: Yaushe Yaran Agege Ke Balaga?

Telolin Zangon Agege sun san wani abu da iyaye maza da yawa ba su lura da shi ba. Akwai shekarun da in aka kawo yaro awon kayan Sallah, tela mai wayo ba ya yanka yadi daidai da awon da ya ɗauka. Sai ya bar rara a ƙafar wando, ya kalmashe ta ciki, don ya san kafin wata Sallar ta zagayo idon sawun yaron zai fito fili. A shekarar da namiji ya fi miƙewa yakan ƙara tsawon santimita 9 zuwa 10. Takalmi ne ke fara matsewa, sai hannun riga ya gaza, sai kwanon tuwon da ke isarsa bara ya zama lomar buɗa-baki. A nan ne uwa ke cewa, "Yaron nan fa ya fara girma."

Ai ba farawa ya yi ba, ya kai tsakiya. Kafin wando ya ɗage, jikin yaron ya yi kusan shekara biyu yana aikinsa a ɓoye, ba wanda ya sani, wani lokaci har shi kansa.

Wanda duk ya tsaya a sahun masallaci a Agege zai ga yara maza iri biyu, duk Hausa suke ji, duk kuma za su ce maka shekarunsu 14. Ga haifaffen unguwa, wanda kakansa ko kakan-kakansa ya zo fataucin goro, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, ya tashi da burodin Agege da shayi da taliyar leda. Muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara yi masa duhu a leɓe. Ga kuma wanda bai fi shekara ɗaya da sauka daga bayan tirela ba, yana tura baro a kasuwa ko yana aike a mayankar Oko-Oba, siriri, muryarsa har yanzu ta yara, in ba a faɗa maka ba sai ka ce bai wuce 11 ba. Ba kowane haifaffen Ikko ne ƙato ba, ba kuma kowane baƙo ne tsamurarre ba. Amma bambancin yana nan, ido na ganinsa.

Hausawa sun daɗe a wannan wuri. Goro ne ya kawo su, lokacin da gonakin Agege ke cike da itatuwansa, kuma layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya mayar da zangon mahaɗar Kurmi da Arewa. Tun daga nan mota ba ta daina sauke baƙi ba. Shi ya sa unguwar ta zama wurin da mutum zai ga, a layi ɗaya, abin da likitoci ke ƙetare ƙasashe don su auna: yadda jini ɗaya ke balaga a lokuta daban-daban idan tukunya ta bambanta.

Tsohon zance, wanda Turawa suka daɗe suna rubutawa mu ma muka karɓa, shi ne zafin rana ke nunar da yara da wuri kamar yadda yake nunar da mangwaro. A Ikkon nan ma aka karya wannan magana. A 1950 wani farfesan lafiyar yara na Jami'ar Edinbara, Richard Ellis, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan 'yan makaranta a Najeriya a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya. Ya tarar 'yan matan Legas na fara al'ada suna da shekara 14 da 'yan watanni, alhali takwarorinsu na Birtaniya, ƙasar sanyi da hazo, suna farawa kafin su cika 14. Samarin da ya duba ma ba su riga na Birtaniya ba. Da rana ce ke da alhakin abin, da sakamakon ya juye.

Abin da ya yi ta fitowa daga baya shi ne abinci da lafiya. Binciken da aka yi a Ibadan da kewayenta, wanda aka buga a 1976, ya nuna 'yan matan birni sun riga na ƙauye da kusan wata 10. A Kenya, a 1982, aka kwatanta yaran Nairobi masu ƙoshi da na wani yanki na karkara mai fama da ƙarancin abinci: yara mazan karkarar sun makara da kimanin shekara 3. A Keneba ta ƙasar Gambiya, inda masu bincike suka shafe gomman shekaru suna bibiyar ƙauyuka guda, shekarun fara al'ada sun sauko daga 16 a 1989 zuwa ƙasa kaɗan da 15 a 2008. Rana ɗaya ce ke dukan su duka.

Idan muka dawo gida, babban binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. A Legas bai kai kashi 20 ba. Yaran da aka auna a wancan lokaci su ne yanzu ke shiga shekarun balaga. To wannan ɗan tura baron da muka gani a sahu, ba lalaci ba ne, ba kuma "jinin gidansu" kawai ba ne. Jiki ma'ajin hankali ne: in ya ga rumbu ba hatsi, sai ya ɗage bikin.

Mai karatu zai lura yawancin alƙaluman nan na mata ne. Dalili a fili yake. Ranar da yarinya ta fara al'ada rana ce guda, uwa na sane, ita ma ba ta mantawa. Namiji ba shi da irin wannan rana. Tasa balagar tana farawa ne a cikin kai, da daddare yana barci, lokacin da ƙwaƙwalwa ke fara aika saƙo ga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinta, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita kuma ta sako sinadaran da ke tayar da 'ya'yan maraina. Alamar farko ita ce girmansu, kuma babu mai ganin wannan sai likita. Daga nan gashin mara ya biyo, sai miƙewar tsawo, sai fashewar murya da mafarki wajen shekara 13 zuwa 14, gemu kuwa shi ne autan alamomi.

Abin awon da likitocin yara ke amfani da shi zai ba Bahaushe dariya, don carbi ne sak. Wani likitan ƙasar Suwizalan, Andrea Prader, ya ƙirƙiro shi a 1966: ƙwayoyi 12 a zare, daga mai girman mililita 1 zuwa mai 25. In girman ya kai ƙwaya mai lamba 4, an ce balaga ta kankama. Matakai biyar da ake bi wajen auna ci gabanta kuwa aikin James Tanner ne da abokinsa William Marshall, waɗanda suka bibiyi yaran wani gidan reno a Harpenden ta Ingila. A rahotonsu na 1970 a kan yara maza 228, matsakaicin lokacin farawa shi ne shekara 11 da kimanin wata 7. Wannan adadi ya zama ma'aunin duniya na shekaru da dama, ko da yake yaran da aka auna Turawa ne 'yan gidan marayu na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba sa wakiltar ko da Ingilar ma, balle Agege.

Shin lokacin yana matsowa ƙasa? A wajen maza amsar ita ce e, amma a hankali, ba irin saurin da ake ta kururuwa a kai ba.

Hujja mafi daɗin ji ta fito ne daga wani coci a birnin Leipzig na Jamus, inda mawaƙin nan Johann Sebastian Bach ya jagoranci yara masu rera waƙa har rasuwarsa a 1750. Tunda da zarar muryar yaro ta fashe sai a canza masa layi, akwai rubutaccen tarihin abin. Wanda ya bi takardun a 1970 ya gano muryar yaran Bach ba ta fashewa sai sun kai shekara 17 ko fiye, kuma a shekarun yaƙi da yunwa na 1740 zuwa 1748 abin ya ƙara jinkiri. Yau a Turai wajen 13 ne. Shekara huɗu ke nan aka zabtare a cikin ƙarni biyu da rabi.

Na baya-bayan nan ba su kai haka tsanani ba. A Kopenhagen ta Denmak, yaran da aka auna tsakanin 1991 da 1993 sun fara a shekara 11 da wata 11; waɗanda aka auna tsakanin 2006 da 2008 sun fara a 11 da wata 8, kuma masu binciken sun danganta yawancin bambancin da ƙarin ƙiba. A Gotenbag ta Suwidin aka bi takardun awon makaranta na maza sama da 4,000 da aka haifa daga 1947 zuwa 1996, aka ga shekarar miƙewa tana matsowa da kimanin wata ɗaya da rabi duk shekara goma. A Amurka, binciken 2012 a kan yara 4,131 ya ba da adadin da ya girgiza mutane: shekara 10 da 'yan watanni ga farar fata, 9 da 'yan watanni ga baƙar fata, ko da yake wasu likitocin sun soki yadda aka yi awon. Can kudancin Tailan, likitocin Jami'ar Yarima Songkla da ke Hat Yai sun auna 'yan makaranta maza suka tarar alamar farko na bayyana wajen shekara 10 da rabi, 'yan watanni ƙasa da abin da aka gani a ƙasar a baya. Tailan ta fi kama da mu a kan Suwidin: ƙasar zafi ce, ta shinkafa, wadda ta fita daga tamowar yara ta faɗa ƙibar yara a cikin rayuwar mutum ɗaya. Hanyar da biranenmu suka kama ke nan, sai dai mu tamowar ba ta tafi ba ƙibar ta iso.

In ka zauna a majalisar dattawa a Zango ka tayar da zancen, kafin ka rufe baki za a ce maka kajin gidan gona ne, waɗanda "ake yi wa allura". Wani ya ce taliyar leda, wani ya ce waya. Kazar nan dai an zalunce ta. Abin da ke sa ta cika tukunya a mako shida ko bakwai shi ne irin da aka daɗe ana tacewa da abincin da ake ɗura mata, kuma ba a kafa hujjar cewa cin ta na jawo balaga ba. Abin da hujja ta fi ƙarfi a kai shi ne kitsen jikin yaron kansa. Tun 1994 aka gano kitse na fitar da wani sinadari, leptin, da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Yaro mai jiki yakan riga siriri, duk da cewa wasu binciken Amurka sun nuna ƙibar da ta wuce kima kan iya jinkirta namiji. Ana kuma zargin wasu sinadaran roba da leda da na feshin gona, masu kwaikwayon sinadaran jiki, amma a wajen maza masana ba su gama daidaita baki ba. Gado ma na da babban kaso: uban da ya makara, ɗansa kan makara. Waya kuwa ba ta girmar da jiki. Abin da take yi daban ne, kuma a ganina ya fi muni: tana amsa wa yaro tambayoyin da babu wanda ya ba shi damar yi a gida.

Malamanmu na fiƙihu ba su taɓa jin nauyin wannan magana ba. A Markaz, makarantar da Shaihu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege, da kuma zaurukan malaman Zango inda ake biya Ahalari da Iziyya da Risala, babin balaga a buɗe yake, don a kansa hukunci ya rataya. Malikawa sun lissafa mafarki da tsirowar gashin mara, masu sharhi suka ƙara kaurin murya da warin hammata har da rabuwar kan hanci. In babu ko ɗaya, sai a jira shekara 18, a mashhurin zance. Shafi'awa da Hambalawa suka tsaya a 15, suna kafa hujja da Abdullahi ɗan Umar, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu yana da 14, aka karɓe shi ranar Handaƙ yana da 15. Wannan tazara ta 15 zuwa 18 ita kanta shaida ce cewa malaman farko sun san akwai yaron da kan makara sosai, kamar dai yaran Leipzig.

Akwai kuma umarnin da kowa ya haddace, na koya wa yara salla a shekara 7 da raba musu shimfiɗa a shekara 10. Goman nan ta yi daidai da abin da carbin likita ke nunawa a yau. Sai dai faɗa ya fi yi sauƙi a gidan haya na Agege, inda ƙofa ke kallon ƙofa, iyali guda na cikin ɗaki ɗaya ko ciki da falo, banɗaki kuma na mutum talatin ne. A garuruwan Arewa, gini da kansa ke yi wa yaro sanarwa: wata rana sai a ce ya kwashe tabarmarsa ya koma soro ko shagon samari, a ƙauye a yanka masa gayauna ya noma abin kansa. A tsangaya kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi. Babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa lacca, amma ya san matsayinsa ya canza. A Ikko babu soro, babu gayauna. Yaro ya tashi daga gefen katifar ƙannensa ya koma kwana shagon wani ko barandar masallaci, cikin waɗanda suka girme shi da shekara goma.

Yarinya aƙalla tana da kalma, ƙirgar dangi, tana da uwa da inna da yaya masu ja ta gefe. Namiji tsokana kawai yake samu: kaka ta ce mijin nata ya fara gemu, abokan wasa su kwaikwayi muryarsa. Uba kuwa kunya ta ɗaure shi, musamman in ɗan fari ne wanda ko sunansa ba ya kira. A da kawu ne ko baffa ko malamin allo ke cike wannan gurbi. Yanzu kawun yana Kano ko Maraɗi, malamin Islamiyya na da yara tamanin a aji, ya karanta babin wanka da sauri kansa a sunkuye, yara na ƙunshe dariya. Sau da yawa yaro kan yi watanni yana salla ba tare da ya san wanka ya hau kansa ba. Sauran iliminsa kuma ya samo shi daga lasifikar mai maganin gargajiya a bakin tasha.

Rashin maganar nan na da farashi a asibiti. Kusan rabin yara maza kan samu ɗan kumburi mai zafi a nono lokacin balaga, abin da ke bajewa da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu, amma yaro zai ɓoye shi cikin fargaba yana zaton wani mugun abu ne. Akwai kuma wanda ba a ɓoyewa ko na awa ɗaya: ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a maraina. Jijiyar kan murɗe, an fi ganin haka tsakanin shekara 12 da 18, kuma in aka wuce kimanin awa 6 ba a yi aiki ba ana iya rasa ɗayan. Yaron da bai saba faɗa wa kowa komai ba zai kwana yana juyi, da safe a ce ciwon ciki ne a sayo magani a kemis. Babban asibitin Orile Agege na nan kusa, asibitin koyarwa na jihar Legas na Ikeja, amma sai yaro ya buɗe baki tukun.

Likitoci sun ja layi biyu. In alamomi suka bayyana kafin shekara 9, a je a duba, don a wajen maza saurin balaga ya fi yawan zuwa da wani dalili a ƙwaƙwalwa ko a wata gaɓa, ba kamar mata ba. In kuma yaro ya cika 14 babu ko alamar farko, nan ma a je. Yawancin masu makara lafiyarsu ƙalau, agogonsu ne ke tafiya a hankali, amma a ƙasar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, dole a tuna cewa wannan cuta ta amosanin jini kan jinkirta balaga da shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye. Sai tsargiya. A garuruwan da yara ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa, fitsarin jini ya zama ruwan dare har wasu ke ɗaukarsa alamar yaro ya zama namiji. Tsutsa ce ke cin mafitsara, tana shan jini tana hana girma, kuma maganinta ƙwayoyi ne na rana ɗaya. Yaro kan taho da ita daga gida har Agege, bai taɓa tunanin cuta ba ce.

Duk wannan lissafi na 9 da 14 ya ginu ne a kan sanin ranar haihuwa, mu kuwa a nan muke da rauni. A binciken 2018 ɗin nan, kashi 43 cikin 100 ne kawai na ƙananan yara aka yi wa rajistar haihuwa. Shi ya sa muke auna shekaru da ido, ido kuma balaga yake gani, ba shekaru ba. Masu ƙwallo sun ɗanɗana wannan. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009 hukumar FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, kuma a 2016 'yan wasan Najeriya 26 suka faɗi gwajin ana gab da karawa da Nijar. Akwai masu ƙaryar shekaru, babu musu. Amma ƙashi balaga yake bi, ba takarda ba, don haka yaron da ya riga tsararsa na iya faɗuwa yana da gaskiya, wanda ya makara kuma ya tsallake yana da ƙarya. Haka abin yake a filin wasa na Agege, haka yake a wurin ɗaukar aiki, haka yake a ofishin 'yan sanda, inda dokar kare haƙƙin yara ta jihar Legas ta 2007 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, amma gashin baki kan yi magana kafin doka. Ɗan shekara 13 mai jikin 17 ana ɗora masa kaya da laifi irin na manya, alhali ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an haura shekara 20.

Shi kuwa siririn nan mai tura baro, labarinsa bai ƙare ba. Wanda ya makara ƙasusuwansa kan daɗe ba su rufe ba, yana iya ci gaba da tsawo har shekara 19 ko 20, lokacin da haifaffen unguwar ya daɗe da tsayawa. In ya samu abinci a waɗannan shekarun yakan rama wani abu daga abin da ya rasa yana ƙarami, ko da yake ba duka ba. Irinsa ne ke tafiya gida noman damina ya dawo bayan kaka, mai shayin da ke bin sa bashi ya ɗaga kai yana kallonsa, sai da ya yi magana, da wata murya daban, sannan ya gane shi.